Koci Ya Fi Gwamna Albashi: Labarin Ƙwallon 'Yan Sakandare A Jihar Teksas

A shekarar 2017 wata jarida da ake bugawa a birnin Fort Worth na ƙasar Amurka, mai suna Star-Telegram, ta bi manyan makarantun sakandare na jihar Teksas tana tambayar nawa ake biyan masu horar da yara wasan ƙwallo. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Hank Carter, kocin makarantar Lake Travis da ke kusa da birnin Austin, wanda albashinsa ya kai dala 155,156 a shekara. A wannan lokaci albashin gwamnan jihar dala 153,750 ne. Malamin aji kuwa, wanda ke tsaye gaban allo tun safe, idan aka yi kuɗin goro abin da yake samu wajen dala 52,000 ne. Watau mai koya wa yara gudu da ƙwallo ya ɗara gwamna, ya kuma ninka malamin lissafi kusan sau uku.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san cewa wasan da ake magana a kansa ba irin ƙwallon ƙafar da muka saba gani ba ne. Nasu ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, ana rungume ta a gudu ko a jefa ta da hannu, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa domin karon da ake yi ba na wasa ba ne. Yara wajen miliyan ɗaya ne ke buga shi a makarantun sakandaren Amurka, fiye da 150,000 daga cikinsu kuwa a Teksas kaɗai suke. Daren Jumma'a ne lokacinsa, daga ƙarshen Agusta har zuwa Disamba. A ƙananan garuruwa da yawa, idan dare ya yi aka kunna fitilun fili, sai a rufe kantuna, gari ya watse, kowa ya nufi can.

Wannan rata tsakanin koci da malami ba sabuwa ba ce. Tun a 2006 jaridar Austin American-Statesman ta yi irin wannan lissafi, ta tarar kocin manyan makarantu na samun dala 73,804 a matsakaici, malamai kuwa wajen dala 42,400. Kuma ba ko'ina a Amurka haka abin yake ba. A jihohi da dama koci malamin makaranta ne kawai da ake ƙara masa 'yan dubban daloli a kan albashinsa saboda wahalar yamma da ta ƙarshen mako. Teksas da wasu jihohin kudu kamar Jojiya da Alabama su ne suka mai da kujerar koci babban muƙami.

Me koci yake yi da ya ci wannan kuɗi?

Adalci ya sa a faɗi abin da masu kare wannan albashi suke cewa, domin maganarsu ba ta banza ba ce. A yawancin manyan makarantun Teksas babban kocin ƙwallo shi ne kuma shugaban dukan wasannin makarantar. Mataimaka goma ko fiye suna ƙarƙashinsa, shi ke tsara tafiye-tafiye da motoci da kayan wasa, shi ke amsa tambaya idan yaro ya karye. Kwantiragin malamin aji kwana 187 ne a shekara, na koci kuwa ya kan zagaye shekara, har da lokacin babban hutu sa'ad da yara ke zuwa ɗaga ƙarfe da sassafe. A lokacin gasa ranar Asabar da Lahadi ma ba tasa ba ce, yana zaune yana kallon hotunan wasan abokan karawa. Saboda haka sukan ce kada a auna shi da malamin aji, a auna shi da shugaban makaranta.

Akwai kuma doka a kan abin. Hukumar da ke kula da gasannin makarantun gwamnati a jihar, wadda ake kira UIL a taƙaice, an kafa ta tun 1910 ƙarƙashin Jami'ar Teksas. Dokarta ta ce dole koci ya zama cikakken ma'aikacin hukumar makarantu, a yanke masa albashi tun farkon shekara, ba a biyansa daga kuɗin ƙofa, ba a kuma ƙara masa don ya ci wasa. Ƙungiyar iyaye da magoya baya, wadda kowace makaranta ke da ita, ba ta da izinin yi masa kyautar da ta wuce dala 500 a shekara. Dalili a fili yake: wanda attajiran gari ke ciyarwa, su zai riƙa saurara, ba shugaban makaranta ba. A ganina wannan doka ce mai hankali, kuma ita ce ta sa ake iya sanin albashin kowane koci har zuwa dala ta ƙarshe, tun da yake kuɗin jama'a ne, kowa yana da ikon ya nemi a nuna masa takarda.

Sai dai kujerar tana da ƙaya. Malamin da ɗalibansa suka faɗi jarrabawa ba safai ake korarsa ba, amma kocin da ya sha kashi shekara biyu a jere ya fara ɗaure kayansa. Labarin Gary Gaines ya isa misali.

Odessa, 1988

Odessa gari ne na man fetur a yammacin Teksas, cikin busasshiyar ƙasa mai ƙura. A 1982, lokacin da mai ke da tsada, mutanen garin suka gina filin wasa mai suna Ratliff a kan dala miliyan 5.6, mai ɗaukar mutum fiye da 19,000, domin makarantun sakandarensu biyu. Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi warwas a 1986, kamfanoni suka rufe, mutane suka rasa aiki da gidaje. Abin da ya rage wa garin na alfahari shi ne ƙungiyar ƙwallon makarantar Permian.

A 1988 wani ɗan jarida mai suna H. G. Bissinger ya kwashe iyalinsa ya tare a garin shekara guda, ya bi ƙungiyar ko'ina, sa'an nan ya rubuta littafin Friday Night Lights wanda ya fito a 1990. Abin da ya bayyana ya ɓata wa mutanen Odessa rai ƙwarai. Gaines, kocin Permian, yana karɓar dala 48,000 a shekara, alhali shugabar sashen Turanci ta makarantar, mai digiri na biyu da shekara ashirin a bakin aiki, tana karɓar 32,000. Kuɗin bandeji da magungunan 'yan wasa ya kai dala 6,750, kuɗin kayan koyarwa na dukan sashen Turanci kuwa dala 5,040. Wasu wasannin nesa ma a jirgin sama na shata ake kai yaran.

To, a cikin wannan shekara Permian ta sha kashi a hannun babbar abokiyar gabarta, makarantar Lee ta garin Midland, da maki 22 da 21. Maki ɗaya tak. Da Gaines ya koma gida a daren, sai ya tarar an kakkafa alluna a ƙofar gidansa masu cewa gidan na sayarwa ne. Ba sai an fassara masa ba. Shekara ta gaba, 1989, shi ɗin ne dai ya ciwo wa garin kofin jiha, aka ɗauke shi a kafaɗa. Ya rasu a 2022.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi a labarin ba koci ba ne. Akwai wani yaro baƙar fata, James Miles, wanda aka fi sani da Boobie, gwanin gudu da ƙwallo wanda manyan jami'o'i ke ta aiko masa da wasiƙu. Karatunsa yana da rauni, amma muddin yana gudu ba wanda ya damu. A watan Agusta na 1988, a wani wasan gwaji tun ba a fara gasa ba, gwiwarsa ta lalace. Wasiƙu suka tsaya. Waɗanda jiya ke kiran sunansa suka juya ga wanda ya maye gurbinsa, har da masu yi masa baƙar magana ta wariyar launi. Garin da ya kashe miliyoyi a kan filin da yaron zai yi gudu bai tanada masa abin da zai riƙe ba ranar da ƙafa ta ƙi.

Wadda ta fitar da Permian a wasan kusa da na ƙarshe a wannan shekara ita ce makarantar Carter ta birnin Dallas. Ita ma ta ci kofin, daga baya aka ƙwace shi saboda rikici a kan makin wani ɗan wasanta a darasin lissafi.

Wannan rikicin maki yana da tushe. A 1983 gwamna Mark White ya naɗa attajirin nan Ross Perot, wanda daga baya ya nemi shugabancin Amurka a 1992, ya jagoranci kwamitin gyaran ilimi. Perot ya zagaya jihar yana faɗa wa mutane abin da ba su so ji, cewa wasanni da sauran shagulgula sun cinye lokacin karatu. Daga aikin kwamitinsa aka yi dokar da ta ce duk ɗalibin da ya kasa samun maki 70 a kowane darasi ba zai buga wasa ba har mako shida. Koci-koci suka tayar da ƙura, suka yi wa White yaƙi a zaɓen 1986, ya kuwa faɗi, ko da yake karyewar farashin mai ma ta taimaka wajen kayar da shi. A 1995 aka rage hukuncin zuwa mako uku. Dokar tana nan har yanzu, kuma malamai da yawa sun shaida cewa ba abin da ke sa yaro ya buɗe littafi kamar tsoron zama a benci ranar Jumma'a.

Gasar gine-gine

Albashin koci, kome yawansa, ɗigo ne idan aka kwatanta da kuɗin filaye. Garin Allen, a arewacin Dallas, yana da makarantar sakandare guda ɗaya tak, wadda ɗalibanta suka haura dubu shida, 'yan badujalarta kaɗai sun kai ɗari bakwai zuwa takwas. A 2009 aka tambayi mutanen garin ko sun yarda hukumar makarantu ta ci bashin dala miliyan 119, wanda rabinsa na filin ƙwallo ne. Kashi 63 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce sun yarda. A 2012 aka buɗe filin Eagle, dala miliyan 60, kujeru 18,000, da katafaren allon nuna hoto da ɗakin ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin benaye.

Shekara biyu ba ta cika ba, a Fabrairun 2014, aka rufe shi. Siminti ya tsattsage, injiniyoyi suka ce ba lafiya a tara mutane a kai. Kamfanonin da suka zana suka kuma gina ne suka ɗauki nauyin gyaran, wanda ya haura dala miliyan 10, aka sake buɗewa a 2015. Abin dariya a nan shi ne, a shekarar da ba su da fili, suna ara na maƙwabta, yaran Allen ba su sha kashi ko sau ɗaya ba, suka ci kofin jiha karo na uku a jere. Jagoransu a fili shi ne Kyler Murray, wanda a 2019 ya zama na farko da aka zaɓa shiga babbar gasar ƙwararru ta NFL. Wasan ƙarshe da suka buga da Pearland a 2013, a filin ƙwararru na Arlington, mutum 54,347 ne suka shiga kallo. Wasan 'yan sakandare ke nan.

Da Allen ta yi nata sai maƙwabta suka ce ba za a bar su a baya ba. Katy, kusa da Houston, ta buɗe filin Legacy a 2017 a kan dala miliyan 70 da ɗoriya, kujeru 12,000, dab da tsohon filinta wanda har yanzu ake amfani da shi. McKinney, wadda ba ta da nisa da Allen, ta buɗe nata a 2018, shi ma wajen miliyan 70. Hujjar waɗannan biyu ta ɗan fi ta Allen ƙarfi, domin makarantu da yawa ne ke raba fili ɗaya, ana kuma yin gasar badujala da bikin yaye ɗalibai a ciki.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ya hana a ɗauki wannan kuɗi a ƙara wa malamai albashi? A nan ne ya kamata a natsu, domin amsar ita ce zuciyar maganar.

Aljihu biyu

Makarantun gwamnati a Teksas sun dogara ƙwarai da harajin gidaje da filaye na yankinsu. Harajin nan kashi biyu ne, kowane da aljihunsa. Aljihu na farko na gudanar da makaranta ne: albashi, wuta, ruwa, littattafai, man mota. Daga nan ake biyan malami, daga nan kuma ake biyan koci. Aljihu na biyu na biyan bashin gini ne kawai. Idan hukumar makarantu tana son gini sai ta nemi yardar masu ƙuri'a, ta ci bashi, a riƙa biya da ruwa shekara ashirin ko talatin daga wannan aljihu na biyu. Doka ta hana a taɓa kuɗin bashin gini a biya albashi. Saboda haka idan shugabannin Allen suka ce ko da ba a gina filin ba malami ba zai ga ko sisi daga kuɗin ba, gaskiya suka faɗa.

Amma gaskiyar ba ta ƙare a nan ba. Tun da yake haraji daga darajar gidaje yake fitowa, yankin masu kuɗi yana tara mai yawa, na talakawa kuwa kaɗan. Iyaye daga unguwar Edgewood ta birnin San Antonio, yawancinsu talakawa 'yan asalin Meziko, sun yi shekaru suna shari'a a kan wannan, har kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya a 1989. A 1993 aka yi dokar da ta tilasta wa yankuna masu arziki su miƙa wani kaso na harajinsu a raba wa marasa ƙarfi. Sai dai wannan rabo aljihu na farko kaɗai ya shafa. Aljihun gini ba a taɓa shi. Duk dalar da gari mai arziki ya tara domin gini tana nan a gida, mutane suna ganinta da idonsu. To, mai karatu ya sa kansa a matsayin mai gida a irin wannan gari: wane haraji zai fi saurin ɗaga wa hannu? Ga abin da ya sa filaye ke ta tashi a unguwannin masu hali da ke kewaye da Dallas da Houston, alhali a 2011, ana tsakiyar ginin filin Allen, majalisar jihar ta zabtare dala biliyan 5.4 daga kasafin makarantu, dubban ma'aikata suka rasa aiki a faɗin jihar.

Kuma ko da aljihu biyu ne, mai biya ɗaya ne. Magidancin da aka ɗora wa harajin fili na shekara talatin, in aka dawo gobe aka ce ya ƙara don albashin malamai, da wuya ya amsa da fara'a. Fili kuma in an gama shi yana cin wuta da ruwa da masu gadi, waɗannan kuwa daga aljihu na farko suke fita. Kuɗin ƙofa da na tallace-tallace suna rage nauyi, amma ba su biyan kuɗin gini.

Masu cewa ƙwallo hanyar arziki ce ga yaran talakawa su ma sai su dubi lissafi. Alƙaluman hukumar wasannin jami'o'in Amurka sun nuna cewa cikin yara ɗari da ke buga wasan a sakandare, wajen bakwai ne ke samun bugawa a jami'o'inta, cikin waɗannan kuma waɗanda ake ɗauka gasar ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Kyler Murray ɗaya ne. Irin su Boobie Miles ba su ƙirguwa. Ban ce wasa ba shi da amfani ba. Yaro da yawa ba don koci ba da tuni ya bar makaranta, kuma akwai gidajen da koci ne kaɗai babban namiji da ke tambayar yaro ina ya kwana. Mutumin da ke yin wannan aiki ya cancanci ladansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai da kujeru 18,000 ne zai iya yinsa.

Garin da ya ajiye ƙwallo

A kudancin Teksas akwai wani ɗan ƙaramin gari, Premont, wanda mutanensa ba su kai dubu uku ba. A 2011 hukumar ilimi ta jiha ta yi barazanar rufe makarantunsa saboda bashi da faɗuwar ɗalibai. Ɗakunan gwajin kimiyya sun lalace an kulle su. A farkon 2012 shugaban makarantun, Ernest Singleton, ya yi abin da ba a saba ji ba a Teksas, ya dakatar da wasanni gaba ɗaya. Lissafinsa, kamar yadda 'yar jarida Amanda Ripley ta kawo a mujallar The Atlantic a 2013, shi ne kowane ɗan ƙwallo yana cin wajen dala 1,300 a shekara, darasin lissafi kuwa dala 618 ga kowane ɗalibi. Dakatarwar ta tsimin dala 150,000. Wasu iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa garuruwan maƙwabta, daren Jumma'a ya yi tsit. Amma a zangon farko da aka yi babu ƙwallo, kashi 80 cikin ɗari na ɗalibai suka ci darussansu, alhali a bara wajen kashi 50 ne. Makarantun suka tsira daga rufewa, daga baya aka dawo da wasanni sannu a hankali, gwargwadon abin da aljihu zai ɗauka.

A manyan garuruwa ma iska ta ɗan sauya. A da, hukumomin makarantu sukan cusa kuɗin fili cikin buhu ɗaya da na azuzuwa da motocin ɗaukar ɗalibai, yadda mai ƙuri'a ba zai iya ƙin ɗaya ya karɓi ɗaya ba. Haka aka yi a Katy: a 2013 mutane suka ƙi amincewa da bashin da fili ne mafi yawansa, a 2014 aka rage girman filin aka saka shi cikin bashin dala miliyan 748 na sababbin makarantu, ya wuce. A 2019 majalisar jihar ta toshe wannan ƙofa. Yanzu duk filin da zai ɗauki fiye da mutum 1,000 dole a yi masa tambaya tasa dabam a takardar ƙuri'a, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ƙarin haraji ne.

An ga aikin wannan doka a Nuwamba 2023 a garin Prosper, wanda ke arewa da Dallas, yana kuma cikin masu saurin bunƙasa a jihar. Hukumar makarantunsa ta nemi bashin dala biliyan 2.8, ciki har da wajen miliyan 94 na sabon filin ƙwallo, alhali ta buɗe wani a 2019. Masu ƙuri'a suka amince da kuɗin sababbin makarantu da na kayan kwamfuta da na zauren wasan kwaikwayo da kiɗa. Da aka zo kan filin sai suka ce a'a.